Tirmini, Tara Saura Kwata

Akwatin da kamfani ya liƙa mini gefen sitiyari
ya yi tari sau uku tun a Takeita,
na yi kamar ban ji ba.
Da muka iso Tirmini ya buɗe jan idonsa.
Awoyina na yau sun ƙare ke nan.

Na sauka daga kwalta, na ja burki,
tan talatin na siminti suka yi ajiyar zuciya a bayana.
Tasi'u ya leƙo ta taga:
"Maigida, a nan?
Ga hasken Damagaram can yana lasar gindin sama!
Ko jaki aka ɗaura wa kayan nan
ya kai Zango kafin mai shayi ya tashi."
Na ce, "Sa waigi a taya, yaro."

Kwana shida rabona da gida.
Na san inda ramin gaba yake, na san na bayansa,
na san jandarman da ke shinge da sunan ƙauyensu.
Hanyar nan ko ido rufe sai in bi ta.
Abin da Manzo ya ce ke nan.

Manzo da muka yi karen mota tare,
mai goro a kumatu, mai shayi uku a jere,
wanda ke kwana biyu kan kujera yana dariyar masu shimfiɗa tabarma.
A hanyar Gure ne, saura ƙiris ya shiga gari.
Yaronsa ya ce idonsa a buɗe yake,
hannu biyu kan sitiyari,
amma mutumin ya riga ya tafi wani wuri.
Gawon da ya tare shi na nan har yau,
da tabo a ƙugu.
Ni na kai wa Barira takalminsa, ƙafa ɗaya.

Barci ba ya sallama.
Kuma ya fi son ƙofar gida,
inda zuciya ke kwance ɗamara tun mota ba ta tsaya ba.

Waya ta yi kuka. Alhaji mai kaya.
"Magina na jira, Mutari."
Na ce, "Da dare suke gini, Alhaji?"
Ya yi tsaki, ya ambaci wani direba da ya san yadda ake zare wayar akwatin.
Na ce nima na sani.
Ja ce, tana ƙarƙashin ta baƙa.
Hannuna ya taɓa zuwa wurin sau ɗaya, bara,
ya dawo da kansa.

Sai Hurera.
Na faɗa mata inda nake, ta yi shiru,
irin shirun da nake jin ƙarar murfin tukunya a cikinsa.
Ta kashe.
Na ce to, yau na yi asarar Alhaji da uwargida a dare guda.

Na ɗauko littafin, na lashi bakin biro,
na rubuta: Tirmini, tara saura kwata.
Na sa hannu, na yi alwala da ruwan jarka mai ɗumi.

Muna sallame isha'i wata fitila guda ta ɓullo daga gabas,
tana rawa, tana kauce wa ramuka.
Kabu-kabu ne, da Lawali ɗana a baya,
ya rungume kwano ɗaure da ɗankwalin da na sani.
Tuwon hatsi, miyar yakuwa, har da sauran zafi.
"Ta ce ka ci ka kwanta.
Ta ce ƙofa ba ta gudu."

Tasi'u ya riga ni wanke hannu.

Yanzu ga ni ƙarƙashin mota, injin na hucewa a kaina,
ƙarfe na ƙas, ƙas, kamar mai lissafi.
A ciki akwatin na ƙirga mini hutu
kamar yadda ya ƙirga mini tafiya.
Damagaram na can inda na bar ta.